Muhawara: Shin ƙasa marar mai ita Turawa suka tarar a tudun Kenya?

Malam Habibu: Ra'ayina shi ne Turawan farko da suka kafa gonaki a tudun Kenya ba su tashi kowa ba a yawancin wuraren da suka sauka, domin ƙasar ta kusa zama kufai a lokacin. Ciwon bushiya ya ƙarar da shanun makiyayan ƙabilar Masai a farkon shekarun 1890, agana ta biyo baya, sannan yunwar da ta soma a 1898 ta rage manoman ƙabilar Kikuyu ƙwarai. Da layin dogo daga Mombasa ya isa Kisumu a 1901, gwamnati tana neman kayan da jirgi zai riƙa ɗauka don a mayar da kuɗin gininsa, shi ya sa Kwamishina Charles Eliot ya buɗe ƙofa ga manoma daga Ingila da Afirka ta Kudu. Ba a banza suka ci ba kuma, domin Lord Delamere, wanda aka ba eka 100,000 a Njoro a 1903, tumakinsa sun yi ta mutuwa, cutar tsatsa ta cinye alkamarsa, ya ci bashi mai yawa kafin gona ta tsaya da ƙafarta.

Hajiya Rakiya: Malam, duk wanda ya san kiwo ya san cewa makiyayar da aka bari da rani tana da masu ita, kuma za su komo idan ruwa ya sauka. Wannan bushiyar ta kashe shanun Fulani a ƙasar Hausa a lokaci guda, amma babu wanda ya ce burtali ya zama na mai tsinta. Tambayata ɗaya ce: idan babu kowa a Naivasha da Nakuru, me ya sa aka ƙulla yarjejeniyar 1904 tsakanin Turawan mulki da Masai don a kwashe Masai daga nan zuwa yankin Laikipia a arewa da kuma kudu?

Malam Habibu: Yarjejeniyar ai hujjata ce, Hajiya, tunda Olonana, jagoran Masai, da wasu manyansu sun sa hannu, ba da bindiga aka kore su ba.

Hajiya Rakiya: To a bi ta har ƙarshe. Takardar ta yi alkawari cewa Laikipia tasu ce muddin akwai al'ummar Masai a duniya, amma a 1911, shekara bakwai kacal, aka sake kawo wata takarda aka tasa su kudu da garkunansu, saboda Turawa sun ga ciyawar Laikipia sun yi sha'awa. Masai sun kai ƙara, kotu ta kore ta a 1913 bisa hujjar cewa yarjejeniya ce tsakanin hukumomi biyu, ba cinikin da alƙali zai iya tilasta cikawa ba. Wato an ɗauke su hukuma mai cin gashin kanta a ranar da hakan zai hana su shari'a, aka ɗauke su talakawa a sauran ranaku. Olonana kuwa jagoran addini ne, ba sarkin da ke da ikon kyautar da ƙasar kowane dangi ba.

Malam Usman: Ina ƙara batun Kikuyu na Kiambu da Limuru, waɗanda kowane fili nasu yana da dangin da ya gada. Wasu sun ƙaura saboda yunwa, da suka dawo suka tarar an auna gonakin an ba Turawa, suka koma 'yan ƙwadago a cikinsu. Dokar filaye ta 1915 ta ba Turawa haya ta shekara 999.

Alhaji Bello: Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Gwamnan da ya gudanar da tashin 1911, Percy Girouard, shi ne Gwamnan Arewacin Najeriya daga 1907 zuwa 1909, kuma bincikensa ne ya haifar da dokar ƙasa ta 1910 wadda ta ce a riƙe filayen Arewa don amfanin 'yan ƙasa. Mutum ɗaya ne ya tsare ƙasa a nan, ya raba ta a can, har rikicin Laikipia ya sa ya ajiye aiki a 1912.

Malam Habibu: Wannan ma bai rushe maganata ba, Alhaji, domin Kano da Katsina cike suke da manoma da sarakunan da ke karɓar haraji, alhali tudun Kenya mutanensa sun yi ƙaranci. Bambancin yawan jama'a ne ya raba hukuncin biyu.

Hajiya Rakiya: Da yawan jama'a ne ma'auni, da ba a taɓa Kiambu ba, wadda manoma ne zaunannu a cikinta. Abin da ya raba su shi ne sanyin tudu da ƙarancin sauro, da kuma Turawan Nairobi masu matsa wa gwamna lamba, irin waɗanda babu su a Zungeru, hedkwatar Arewacin Najeriya a lokacin.