Wanne zan fara tarawa, kuma me ya sa Batman ya cika kanta?

Nura: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ni sabon shiga ne, mutum-mutumin jarumai uku kacal gare ni. Ina so in fara tarawa da gaske, amma na rasa jerin da zan kama tsakanin Marvel Legends da DC Multiverse. Sannan wani abu na ɗaure min kai: duk inda na leƙa Batman ne da Spider-Man iri-iri, wanda nake nema kuwa ko ƙyallinsa babu.

Yaya Bashir: Wa alaikumus salam, barka da zuwa ƙanina. Kafin komai ka zaɓi tsayi ɗaya ka tsaya a kai. Marvel Legends na kamfanin Hasbro inci 6 ne, DC Multiverse na kamfanin McFarlane inci 7. In ka gwama su a kanta ɗaya sai ka ga Flash ya kere wa Captain America, abin ba kyan gani. Ni dai Legends zan ce maka, don tun 2002 ake yin su, daga hannun kamfanin Toy Biz har Hasbro ta karɓa a 2007, jarumansu ba sa ƙirguwa.

Hauwa: Yaya, kada ka cuci DC mana. Sassaƙar McFarlane ta fi fito da ƙirar jiki da naɗin mayafi. Sai dai Nura ka sani, a 2025 an sanar cewa lasisin ƙera jaruman DC zai koma hannun kamfanin Mattel daga 2026. In akwai wanda ya kwanta maka a rai cikin na inci 7, kada ka yi ta jan ƙafa.

Malam Idi: Tambayarsa ta biyu ce kuka tsallake. Nura, amsar tana cikin mazubi. Kowace gaɓa, kai ne ko cinya ko tafin hannu, sai an sassaƙa mata mazubin ƙarfe da za a riƙa ɗura narkakkiyar roba a ciki, kuma a nan kuɗin kamfani yake narkewa. Shi ya sa in an ƙera jiki ɗaya sai an tatse shi tas: a sauya kai, a sauya fenti, a ce ga sabon jarumi. Ɗauko biyu daga cikin ukunka ka dubi gwiwa da ƙirji da kyau, ba mamaki ka tarar jikinsu ɗaya. Jarumi mai matsattsen kaya fenti kawai yake buƙata. Mai fukafukai ko sulke kuwa sabon mazubi yake ci, sai ya yi shekaru yana jiran layi. Ba yau aka fara ba, kamfanin Mego ma da ta fito da nata masu inci 8 a 1972, kusan jiki ɗaya take sanya wa tufafi daban-daban.

Sai kuma manyan kantunan Amurka irin su Walmart da Target, waɗanda ke saye kwali-kwali. Su fuskar da yaro zai gane daga nesa suke so. Batman da Spider-Man ke jawo ciniki, a inuwarsu ake cusa ɗaya ko biyu da mu tsofaffin hannu muke ta roƙo.

Nura: Ashe albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko. To fim fa, Malam?

Malam Idi: Shi ma yana ja. Amma aikin ƙira kan fara shekara guda ko fiye kafin fim ya fito, daga zanen farko da aka ba su. In an sauya kayan jarumin daga baya, sai ka ga na kwali bai yi daidai da na allo ba. Wani lokaci ma kayan wasan ne ke haifar da labari: saboda Mattel ne Marvel ta rubuta labarin zanen jarumai na Secret Wars a 1984.

Hauwa: Duk wannan lacca a kan 'yan tsana.

Yaya Bashir: Ki iya bakinki Hauwa, kotu ta raba wannan gardamar. A 2003 kotun kasuwanci ta Amurka ta yarda da Toy Biz cewa X-Men ba siffar mutane ba ne, don haka kayan wasa ne ba 'yan tsana ba, harajin shigo da su ya fi sauƙi.

Anti Rabi: Ku bar yaro ya amfana. Nura, abin da nake ja maka kunne a kai shi ne Build-A-Figure. Kowane kwali da gaɓa ɗaya ta wani ƙato a ciki, sai ka sayi duka rukunin za ka haɗa shi. Dabara ce ta sayar maka da waɗanda ba ka so. Ni ban ƙara biye musu ba, musaya nake yi da 'yan zaure. Kuma in gaɓa ta cije kada ka murɗa da ƙarfi. Na taɓa ɓalle hannun wani sabo fil ranar da na buɗe shi, har yau takaicin bai sake ni ba. Tsoma shi a ruwan ɗumi minti ɗaya, robar za ta saki. Ka kuma nisanta kantarka da taga, rana tana mayar da farar roba rawaya.

Malam Idi: Inda ake jin muryarmu kai tsaye shi ne HasLab, tsarin Hasbro na a biya tukuna sannan a ƙera. Haka aka yi Sentinel mai inci 26 a 2020, da Galactus mai inci 32 a 2021. Motar Ghost Rider ta 2022 kuwa mutum 9,000 aka nema, ba su cika ba, aka fasa.

Hauwa: In aljihu ya yi nauyi nan gaba, leƙa jerin mutum-mutumin MAFEX na Japan. Gaɓoɓinsu sun fi lanƙwasuwa, amma sai da lallaɓawa.

Nura: Na gode ƙwarai. Legends zan kama, ɗaya-ɗaya. Anti, yanzu na duba kwalin da na kusa jefarwa, ashe akwai wata ƙatuwar ƙafar hagu a ciki.

Anti Rabi: Ajiye min ita! Turo hotonta in ga ko ita ce nake nema tun bara.