Muhawara: ɗumamar yanayi ce kaɗai ke ƙarar da tsuntsayen teku a can ƙuryar Arewa?

Malamin kimiyya: Salamu alaikum. An turo mana cewa ɗumamar yanayi ce kaɗai ke ƙarar da tsuntsayen da ke sheƙa a duwatsun gaɓar teku a ƙuryar Arewacin duniya. Ni ban yarda ba. A yammacin Girinland, wajajen 1970, tarun masu kamun kifin salmon na halaka tsuntsun gilimot dubu ɗaruruwa a shekara, ga mafarauta na harbinsa a bakin sheƙa. Zafi ne wannan?

Ɗaliba: Wa alaikumus salam. Malam, a gafarce ni, wancan tsohon labari ne. Tsakanin 2015 da 2016 ruwan tekun Alaska ya yi ɗumi, aka tsinci gawar gilimot kusan 62,000 a gaɓa. Binciken da ya fito a 2024 ya ƙiyasta miliyan 4 suka mutu, kusan rabin na Alaska ke nan. Babu taru, babu bindiga.

Dillalin kifi: 'Yata, me ya kashe su? Ruwan ya dafa su ne?

Ɗaliba: A'a Baba, yunwa ce. Ƙananan kifayen da suke ci ne suka yi ƙaranci, manyan kifaye kuma cinsu ya ƙaru saboda ɗumin, suka riga tsuntsayen.

Dillalin kifi: To kin zo wurina. Duk wanda ya san kamun kifi ya san idan ƙaramin kifi ya ɓace, komai na ruwan ya shiga uku.

Malamin kimiyya: Alhaji ya faɗi maganata. A hunturun 1986 zuwa 1987 kapelin, wani ƙaramin kifi da gilimot ke ci, ya durƙushe a tekun Barents da ke arewa da Norwe, kuma yawan kamunsa na cikin dalilai. Gilimot na tsibirin Bjørnøya da ke wannan tekun suka mutu, saura 'yan kaɗan. Da kifin ya dawo, su ma suka farfaɗo. Ga kuma murar tsuntsaye, wadda ta kashe tsuntsun kitiwek sama da 20,000 a arewacin Norwe a 2023. Tsuntsun ganet ma ya fara sheƙa a Bjørnøya a 2011, shi ɗumin ya yi masa rana.

Ɗaliba: Ai ƙaurar ganet zuwa can hujjata ce, Malam, ruwan ne ya sauya. Dubi tsibiran Røst na Norwe: tsuntsun fafin ya sauko daga ma'aurata miliyan 1.4 a 1979 zuwa ƙasa da 300,000. Shekara bayan shekara 'ya'yan na mutuwa a cikin ramukan sheƙarsu, domin ƙananan kifin herin ba sa isowa lokacin da iyayen ke ciyarwa.

Malamin kimiyya: Herin ɗin da jiragen kamun kifi suka kusa ƙararwa kafin 1970?

Ɗaliba: Shi, Malam. Amma herin ya farfaɗo tuni, fafin bai farfaɗo ba. Ina jiran bayaninka a kan wannan.