Wa ya taɓa jefa fatsa a rafukan alli na Ingila?

Basarke a Winchester: Assalamu alaikum. A Yauri na tashi, a bakin Neja, amma ranar Asabar wani ɗan rafi mai zuba cikin kogin Itchen ya mayar da ni ɗan koyo. Ruwan daga ƙarƙashin dutsen alli yake ɓuɓɓugowa, garau, har tsakuwar ƙasa kana ƙirgawa. Ga kifin tirawut tsaye a bayan ciyawa, da ɗigo-ɗigon ja a haƙarƙarinsa. Ina ɗaga sanda, inuwata ta faɗa ruwa, sai ya ɓace. Sau huɗu haka. Wa ya taɓa dacewa?

Ɗalibi a Reading: Wa alaikumus salam, Yaya. Kullum kansa na fuskantar inda ruwa ke gangarowa, don haka ta bayansa za ka ɓullo, da rarrafe. Ni a kogin Kennet na kama na farko, ƙarshen watan Mayu, lokacin da wasu ƙwari ke tashi daga ruwa kamar shinge bayan ruwan farko. Ƙugiyar an ɗaura mata gashin tsuntsu ta yi kama da su. Ta sauka, ta taho a hankali, sai na ga baki ya buɗe. Bai wuce tsawon tafin hannuna biyu ba, amma wallahi jikina rawa yake. Kar ka manta da lasisin hukumar muhalli, da izinin mai wurin.

Baba na Landan: 'Ya'yana, nawa labarin na kifin nan ne mai kama da maciji, wanda suke kira il. Da daddare, watan Yuli, da tana. Ya nannaɗe zaren, ya cika mini hannu da yauƙi. Har na fara tunanin farfesu, abokina ya ce doka ta hana a tafi da shi, domin ya kusa ƙarewa. A tekun Sargasso ake ƙyanƙyashe su, can hayin Atlantika, su zo su yi shekaru a 'yan rafukan nan kafin su koma. Na jiƙa hannu na sake shi, na daɗe tsugune ina kallon wurin.

Ɗalibi a Reading: Baba, ni abin da ke damuna ruwan ne. Na je saman kogin Ver da rani, na taka busasshiyar tsakuwa a inda ya kamata kifi ya kasance. Ana zuƙe ruwan ƙasa ana kai wa famfunan gari.

Basarke a Winchester: Na gode. Asabar mai zuwa zan koma, in sha Allahu, da tsohon wando saboda rarrafen.