Doka ta ce awa 12, ƙanena ya yi awa 15 a jirgin kaya

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum. Ƙanena ya samu aikin kwandasta a jirgin ƙasa na dakon kaya a Amurka, kuma ya gaya mini cewa a makon jiya ya yi awa 15 bai koma masauki ba, saboda ƙugiyar da ke haɗa taragu ta karye musu cikin dare a dokar daji. Ni kuwa na ji an ce dokar ƙasar ta hana ma'aikacin jirgi wuce awa 12. Shin zaluntarsa ake yi, ko haka aikin ya gada? Mahaifiyarmu ta kasa samun natsuwa tun da labarin ya iso mata.

Ɗan Reluwe:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Aikin da nake yi ke nan, kuma abin da ka ji gaskiya ne: awa 12 ne iyaka, sannan hutun awa 10 wanda ba a yarda a kira mutum a cikinsa ba, kuma ba a wuce awa 276 a wata. Sai dai idan lokacin ya cika kana tsakiyar hanya, dole ka tsayar da jirgin, ka zauna jiran motar da za ta kawo masu karɓarka, kuma wannan jira shi ne ke mayar da 12 ya koma 15. Ka gaya masa ya tabbatar an ƙara awa ukun nan a kan hutunsa, domin haƙƙinsa ne.

Karyewar ƙugiya kuwa ita ce wahalar da muka fi tsoro. Da zarar jirgi ya rabu biyu, tiyon iska ya tsinke, birki ya kama kowane tarago. Mutum biyu ne kawai a ciki, direba ba zai bar kan jirgi ba, saboda haka kwandasta ne zai ɗauki tocila ya taka tsakuwa yana neman wurin, a jirgin da tsawonsa kan wuce kilomita 3, sannan ya sauya ƙarfen ƙugiyar da nauyinsa ya kai kilo 35, ko da ƙanƙara na zuba.

Tsohon Gadin Jirgin Ƙasa, Zariya:
Ɗana, ka kwantar wa mahaifiyarku hankali. A zamaninmu, tsakanin Legas da Kano layi ɗaya ne, idan kan jirgi ya mutu sai mu kwana a daji muna jiran a turo wani, ba mai lissafa mana awa. Abin da zan ja masa kunne a kai shi ne barci, domin gajiya ce ke sa mutum ya shiga tsakanin taragu bai tabbatar jirgi ya tsaya cak ba.

Malama a Ohio:
Ina ganin tsawon jiragen nan ya yi wa mutum biyu yawa. A ranar 3 ga Fabrairu 2023, boris ɗin ƙafar tarago ɗaya na wani jirgin kaya ne ya yi zafi a garin East Palestine da ke nan jihar Ohio ta Amurka, taragu 38 suka sauka daga layi, aka kwashe mutanen gari saboda gubar da jirgin ya ɗauko. Wanda yake gaba ba ya ganin abin da ke ƙonewa can baya, sai na'urar auna zafi ta bakin layi ta sanar da shi. Yallaɓai, ka ce wa ƙaninka ya shiga ƙungiyar ƙwadago, ya kuma riƙa rubuta lokacin da ya hau aiki da lokacin da ya sauka.