Ƙara wa tsohuwar kwamfutar tebur RAM

Jiya a wani shagon gyara a Samaru, Zariya, aka yi ta muhawara kan wata kwamfuta mai tafiyar hawainiya. Ga abin da aka tsayar kan ƙara mata RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita.

Kafin ka nufi shagunan PZ a Zariya sayayya, buɗe manhajar CPU-Z mai nuna kayan cikin kwamfuta, ka ga irin RAM ɗin da ke ciki. RAM nau'in DDR3 ba ya shiga gurbin DDR2, don tsagar gindinsu ba wuri ɗaya take ba. In ka matsa, ka yi ɓarna. Manhajar Windows nau'in 32-bit kuwa ba ta morar abin da ya wuce 4GB, ƙarin asarar kuɗi ne kawai.

Wajen sakawa, zare wayar wuta, ka taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar tukuna don sauke lantarkin da ke taruwa a jikinka, musamman da hunturu. Mai shagon ya ce a hure ƙurar gurbin, a danna RAM ɗin har sai maƙallan sun ce ƙas.