Mage ta sa ni gaba a kan saƙa da ƙwaryar nono, ku yaya kuka yi da taku?

Maman Ummi, ƙasar Gaya

Assalamu alaikum 'yan uwa, yau ƙara na kawo. Wata 5 ke nan na karɓo mage a gidan ƙanwar maigida, saboda ɓeraye sun huda mana buhun gero har biyu. Ba zan ci haƙƙinta ba, abin da aka kawo ta yi ta yi. Amma tun da hunturun nan ya kama ta zama wata iri. Na karɓi aikin kayan jariri, hula da safa da riga, suna saura kwana 6. Na kai rabin riga na tashi in tuƙa tuwo, kafin in dawo ta fizge kwarashi, ta gangara da dunƙulen ulu ƙarƙashin gado, ta warware mini aikin wuni guda. Washegari ta ture faifan da na rufe kindirmo ta tsoma kai. Jiya kuma kifin da na jiƙa zan sa a miyar kuka ta ɗauke. Maigida ya rantse ranar Juma'a a buhu zai sa ta, in ya je kasuwar Wudil ya sake ta can. Ni dai raina bai kwanta ba. Wadda ta taɓa gani ta faɗa mini.

Uwar Biyu, Ringim

Maman Ummi, mu mun yi buhun. Ƙanin mijina ya ɗaura ta a babur ya wuce ƙauyuka biyu da ita. Kwana 6 muka ji kukanta a kan katanga da asuba, ta rame, ƙafa duk ƙarangiya. A 'yan kwanakin nan da ba ta nan kuwa jaɓa ta dawo ɗaki, ɓera ya cinye mini gefen sabon mayafin jariri da na saƙa. Wanda ya ce a kai ta, shi ya fara miƙa mata loma da ta dawo.

Inna, Ɗambatta (jikata ke rubuta mini)

'Yar nan, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya ce ki ajiye ƙwaryar nono a ƙasa ki ɗora mata faifai kawai? Ina ragaya? Mu da muka tashi babu ɗakin matar da ba ka ganin ragaya biyu ko uku suna reto daga azara, nono a ɗaya, man shanu a ɗaya, ragowar tuwo a ɗaya. Sai dai a rataye ta a tsakiya, nesa da bango da kan gado, don in ta sami wurin da za ta taka ta yi tsalle, an gama. Ke da kike da kwarashi ma ai ba sai kin saya ba. Ki warware zaren tsohon buhu ki murza shi ya yi kauri, ki saƙa abarki. Kada ki yi da ulu, yana miƙewa in ya ji nauyi.

Zancen zare kuwa ba yau aka fara ba. Zamanin da muke kaɗi, da mazari ya fara juyawa sai ka ga ta lafe tana kaɗa wutsiya, ba a banza ake ce mata mai kwanciyar ɗaukar rai ba. Abin da ke motsi ne ba ta iya haƙuri da shi. Audugar da muka shiɓe a taskira muke sa ta mu rufe, abawar da aka gama a jefa a tukunya. Ki sa dunƙulenki a cikin kwano mai murfi, ki ɗan karkata murfin zaren ya riƙa fitowa. In ba ta ga yana birgima ba, ko kallo bai ishe ta ba.

Amaryar Haɗeja

Inna ta gama magana. Ni gidan masu sana'ar kifi aka kawo ni, banda ce ko'ina, tarwaɗa da karfasa, kuma magenmu biyu. Uwar mijina dokarta ɗaya ce: kafin a zuba wa kowa, a zuba wa mage. Ƙoƙonta daban, wurinta daban, ɗan tuwo a cuɗa da tsokar kifi a tsince ƙaya. Na kicin kuma a bokiti mai murfi yake, da dutse a kai. Mutane suna ɗauka ɓera kaɗai ya ishe ta, to in ta kame ɓerayen gidan kuma fa, me za ta ci? Nono dai ki rage ba ta, namu in sun sha da yawa zawo suke yi.

Maman Sadiq, Kazaure

Ni tsoratar da ku zan yi, don na gani da idona. Ɗinkin hula nake yi, guntayen zare ko'ina a tsakar ɗaki. Wata rana na ga tawa ta daina ci, sai amai, ta laɓe a bayan randa. Da na duba sai ga ɗan zare ya leƙo ta bayanta. Rashin sani ya sa na ja. Ƙarar da ta yi har yau ina jin ta. Da muka kai wa likitan dabbobi ya ce abin da bai kamata in yi ba ke nan. Ya ce harshen mage kaushinsa ciki yake kallo, in zare ya maƙale ba ta iya tofarwa sai dai ta yi ta haɗiya, in ya shiga kuma sai ya tattare hanji kamar an ja mazagin wando, jan sa daga waje yanka hanjin yake yi. Ba ta kwana biyu ba ta mutu. Tun daga nan guntun zare, balle mai allura, a gwangwani nake tarawa. Dunƙulen da ta warware miki ba shi ne abin tsoro ba, 'yan guntayen da kike yankewa ne.

Malam Baban Hafsa, Bichi

A gafarce ni na shigo cikin zancen mata. Ku gaya wa maigidan ya yi haƙuri. Hadisi ya inganta a kan matar da ta shiga wuta saboda ta tsare mage, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Bakinta kuma ba najasa ba ne, tana cikin masu kewaya mu a gida, don haka ba dole ne a zubar da abin da ta taɓa ba sai in ƙyama ta hana. Ni da ba mu da mage maganin ɓera na sa. Ɓerayen suka mutu a tsakar gida, kajina 3 suka bi su, magen maƙwabci ma ta ci ɗaya ta tafi. Sai da na je ban haƙuri.

Hajiya Babba, Gumel

To ni ba na cikin masu yabonta. Ɗana na uku in ya kwana ɗaki ɗaya da ita sai atishawa da shaƙewar ƙirji, ga gashi a kan komai. Na rabu da ita, ban yi nadama ba. Amma ba a daji na yar ba, mai injin niƙan unguwarmu na ba, ɓeraye sun dame shi. Har yanzu in na kai niƙa ina ganinta a kan buhu, ta yi ɓul-ɓul. In har za a rabu, a ba wanda yake so.

Anti Nas, Birnin Kudu

Maman Ummi, kin duba cikinta kuwa? Ci ba ƙoshi, neman lungu, son kwanciya a kan abu mai laushi, ni dai ciki nake zargi. Nasu wata biyu ne da 'yan kwanaki, ba a ankara. Sannan don Allah kayan jaririn nan ki wanke da sabulu ki shanya a rana kafin ki kai. Mai juna biyu kada ta riƙa kwashe kashin mage da hannu, kuma ba a barin ta ɗaki ɗaya da jariri babu babba, ɗumi take bi. Ɗumin nan ma shi ke sa su kwana a tokar murhu da sanyi, sai a riƙa leƙawa kafin a hura wuta.

Maman Ummi, ƙasar Gaya

Anti Nas, bakinki ya kama. Daren Alhamis muka neme ta ba mu gani ba, maigida har ya ajiye buhunsa a zaure. Da asuba na jawo kwandon saƙa zan ƙarasa hannun riga, sai na ji ɗumi. Guda 4, ido a rufe, a kan hular da safar da na riga na gama. Rigar kaɗai ta tsira don a ƙarƙashin matashi na kwana da ita. Shi ya tafi Wudil da buhunsa, ya dawo mini da ulu dunƙule biyu a ciki, amma ruwan hoda ya sayo alhali shuɗi nake aiki da shi. Ragaya na saƙa ɗaya jiya, Inna, nono ya kwana lafiya. Suna jibi ne kuma ɗa namiji ne. Wadda take kusa da Gaya tana da ragowar shuɗi mai haske ta taimaka mini yau, in sun buɗe ido sun yi ƙwari ta zo ta zaɓi ɗaya.