Yaya za a dawo da gasar wasannin gidaje a makarantar da ta daɗe da dainawa?

Tsohuwar Kyaftin:

Assalamu alaikum. Duk sanda tsofaffin ɗalibai suka haɗu, hira ba ta wuce ranar gasar gidaje: wane gida ya ɗauki kofi, wa ya yi fintinkau a mita 100, wa ya yar da sanda a gudun miƙa sanda. Ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai tana so ta dawo da gasar a makarantar sakandaren da muka yi, don yaran yanzu ba su ma san da ita ba. Fili yana nan, amma layuka sun shafe, ramin tsalle ya cike da ciyawa, kayan aiki babu. Zango ɗaya ne a gabanmu. Malaman wasanni da alƙalai, don Allah ku taimaka: ta ina za mu fara? Yaya ake zana fili, kuma me ya fi ɓata irin wannan rana?

Malam Mai Usur:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ku fara da awon fili kafin ku sayi ko da kofi ɗaya, domin yawancin rigimar ranar gasa daga layin da aka zana da ido take tasowa.

Cikakkiyar hanyar gudu mita 400 ce: miƙaƙƙu biyu da kwana biyu. Ku kafa turaku biyu a tsakiyar fili, tazararsu mita 84.39. Daga kowane turke ku fitar da kusurwa tsayayya dama da hagu, ku auna mita 36.60, ku kafa wani turken. Don kusurwar ta tsaya daidai, ku yi amfani da awon 3, 4, 5: mita 3 a kan layin tsakiya, mita 4 a gefe, in tsakanin ƙarshensu ya ba da mita 5 cif, ta yi. Turaku huɗun nan na gefe su ne bakin miƙaƙƙu. Ku gwada su a gicciye, daga kusurwa zuwa wadda ke kallonta. Duka biyun su ba da kusan mita 111.7. In ɗaya ta fi ɗaya, filin ya karkace, ku gyara tun a nan.

Sannan ku ɗaura tef a turken tsakiya, ku zagaya da shi ku ja rabin da'ira. Igiyar roba ba ta wannan aiki, tana miƙewa in an ja ta, sai kwana ɗaya ta fi ɗaya faɗi. Tef na ƙarfe ko waya mara miƙewa ake so. Dalilin 36.60 shi ne, a filin da ba shi da dakali a ciki, ana lissafin tafiyar mai gudu santimita 20 daga layi. Wato 36.80 ke nan, kwana biyu su ba da mita 231.22, a haɗa da miƙaƙƙu a sami 400.

Faɗin kowane layi, wato hanyar mai gudu ɗaya, mita 1.22 ne, kaurin zanen santimita 5. Layi shida sun ishi makaranta, kuma za su ci fili mai tsawon kusan mita 173 da faɗin 88.

Abin da aka fi kuskurewa shi ne tazarar farawa. Wanda ke layin waje yana zagaya da'ira mafi girma, don haka dole a matso da shi gaba. Kwana ɗaya, kamar a mita 200, kowane layi yana gaban na cikinsa da mita 3.83. Zagaye cikakke, kamar a mita 400, da mita 7.67. In aka yi wannan da kintace, yaron layi na shida zai iya yin gudun da ya fi na ɗan layi na ɗaya da mita goma ko fiye, a ce ya zo na ƙarshe, alhali an zalunce shi ne. Kuma ku auna tazarar a kan lanƙwasar kwana, ba a miƙe ba.

Wajen zane, ku sa farin fenti na ruwa ko garin alli. Ku guji farar ƙasa mai zafi irin ta gini, tana ƙona fata in ta haɗu da gumi, in ta shiga ido kuwa abin ya fi muni. A yanke ciyawa kwana biyu kafin zane, a cike ramuka, a tsince duwatsu da kwalabe.

Ramin dogon tsalle: faɗi mita 2.75 zuwa 3, yashi mai laushi zurfin akalla santimita 30, a tone shi a sassauta, a daidaita samansa da hanyar gudu. Katakon tashi faɗinsa santimita 20, a binne shi daidai da ƙasa. Ga ƙananan yara ku sa shi mita 1 daga bakin rami, kada su faɗi a kan tsandauri.

Tsohuwar Kyaftin:

Allah ya saka da alheri, Malam. Mun auna, filin mita 120 ne da 70. Ke nan 400 ba za ta shiga ba?

Malam Mai Usur:

Ba za ta shiga ba, ko 300 ma ba za ta shiga ba. Ku yi ta mita 200: turakun tsakiya tazarar mita 50, daga turken tsakiya zuwa zanen ciki na kwana mita 15.72. Da layi shida za ta ci kusan mita 96 da 46. Tazarar farawa ba ta canzawa da ƙanƙantar fili, yawan kwana take bi, 3.83 ga kowace kwana. Shi ya sa a mita 400, wato zagaye biyu, kada ku tsare yara a layukansu har ƙarshe. Su yi kwana biyun farko a layi, sannan su gangaro ciki. Kwanar wannan fili tana da matsi, mai gudu da ƙarfi tana wurgo shi waje, don haka a gajeren gudu ku bar layi na ɗaya babu kowa in yara ba su cika shida ba. Mita 100 ku zana ta daban a miƙe tare da tsawon fili. Ku tabbata bayan layin ƙarshe akwai sararin kusan mita 17 na rage gudu, ba katanga ko kujerun baƙi ba. In bai samu ba, ku mai da ita mita 80.

Baba Alƙali:

Malam ya gama da fili. Ni abin da zan ja hankalinku a kai, 'yata, shi ne dokokin da kuka sani lokacin kuna makaranta wasunsu sun canza, kuma tsofaffin ɗalibai ne kan fara tayar da jijiyar wuya a kan tsohuwar doka.

Tashi kafin harbin bindigar fara tsere: a da kowane mai gudu ana yi masa afuwa sau ɗaya. Daga 2003 aka mai da afuwar ɗaya tak ga dukan masu tseren, daga 2010 kuwa wanda ya riga harbi ya fita nan take. Wannan dokar manya ce ta hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, World Athletics. A makaranta ina ganin ta yi tsauri ga yaron da ya yi makonni yana atisaye, gara ku ba da afuwa ɗaya. Amma ku rubuta hakan, ku raba wa malaman gidaje makonni biyu kafin gasa, kowa ya sa hannu.

Gudun miƙa sanda na 4×100: a da wurin miƙawa mita 20 ne, da ƙarin mita 10 na ɗaukar gudu. Yanzu an haɗe su, wuri ɗaya ne mai mita 30, kuma mai karɓa a cikinsa zai fara gudu. Alƙali sanda yake kallo, ba ƙafar yaro ba: in sandar ta shiga hannun mai karɓa a cikin wurin, shi ke nan. In ta faɗi, wanda ya yar shi zai ɗauka, ba tare da ya tare wa wani hanya ba. Sandar tsawon santimita 28 zuwa 30 ce, bututu mai santsi, nauyinta bai gaza giram 50 ba. Faɗuwarta kusan kullum daga abu biyu ne: mai karɓa ya waiwayo, ko hannu ya zo ɗaya. A koya musu dama, hagu, dama, hagu. Na farko ya riƙe da dama yana bin cikin layi, na biyu ya karɓa da hagu yana bin waje, a haka har ƙarshe, ba sai an sauya hannu ana cikin gudu ba. Mai karɓa ya sa alama a ƙasa bayansa, da zarar abokinsa ya taka ta ya tashi da ƙarfi, ba ya miƙa hannu sai ya ji kira.

Masu agogo su danna da ganin hayaƙin bindiga ko haɗuwar katakon da ake bugawa don fara tsere, ba da jin ƙara ba. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, kafin ya iso layin ƙarshe na mita 100 an ci kusan kashi uku cikin goma na daƙiƙa. Daga nan ake samun lokutan nan na ban mamaki da ake ta labari shekara da shekaru. Agogo uku ga wanda ya zo na ɗaya: in biyu sun dace, nasu ne, in duka sun saɓa, a ɗauki na tsakiya. Kuma 12.31 ana rubuta ta 12.4, sama ake kai ta. Matsayi kuwa ba aikin masu agogo ba ne. A sa alƙalai daban, kowa da matsayin da zai kama, kuma ƙirji ne ke cin tsere, ba hannu ko kai ba. A ajiye waya ɗaya tana ɗaukar bidiyo daidai saitin layin ƙarshe, tana kashe gardama da wuri.

Maki: ku ba har na shida, misali 7, 5, 4, 3, 2, 1, a ninka a gudun miƙa sanda. Kowane yaro wasa biyu da miƙa sanda ɗaya, kada ya wuce. In ba haka ba gidan da ya dace da zaƙaƙurin yaro ɗaya zai kwashe komai, sauran su zama 'yan kallo. A raba su rukuni bisa shekarun haihuwa, ba aji ba. Fareti kuma kada makinsa ya wuce na wasa ɗaya, don hukuncinsa na ido ne, a nan ake yawan zargin son kai.

Malama Nas:

Ranka ya daɗe Baba, a ba ni dama in ƙara. Yaron da bai yi atisaye ba aka jefa shi mita 800 da rana tsaka, shi ne ke faɗuwa. A fara atisaye mako shida zuwa takwas kafin ranar, sau uku a mako, ana ƙarawa a hankali, kuma kowane zama a fara da ɗumama jiki na minti goma zuwa sha biyar. Tun farko iyaye su cike takarda: asma, sikila, farfaɗiya, ciwon zuciya, ko ya taɓa suma yana gudu. Ba korarsu za a yi ba, likita ne zai faɗi abin da za su iya. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa bakin fili, ba a bar shi a aji ba.

Dogayen tsere a yi su da sassafe. Ruwan sha ya kasance a rumfar kowane gida. Yaron da ya fara tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, jikinsa ya yi zafi rau, a ɗauka bugun zafi ne: a kai shi inuwa, a rage masa kaya, a yi ta kwara masa ruwan sanyi, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, mota na shiri zuwa asibiti. Sanyayawa ake farawa da ita, kuma wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki. Targaɗe a sa ƙanƙara cikin ƙyalle minti sha biyar zuwa ashirin, a ɗaure, a ɗaga ƙafar. Kada a bari wani ya ja ko ya murza.

Tsallen sama in babu katifa mai kauri, a hana salon nan na juya baya da ɗan wasan tsalle Dick Fosbury ya ci zinare da shi a gasar Olympics ta 1968. A kan yashi wuya da gadon baya ne ke sauka. Su yi na almakashi, wato ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, su dira da ƙafa. Jifan mashi da na faifai ku bar su bana. Jifan dalma ya isa: kilo 5 ga manyan maza, kilo 3 ga mata, da'ira mai faɗin mita 2.135, kuma dalma ɗauko ta ake yi a dawo da ita a hannu, ba a jefo ta. In an ji tsawa kowa ya bar fili, ba a komawa sai an yi minti 30 ba a sake ji ba.

Uwar Ƙungiyoyi:

'Yar'uwa, ni ina da ja a kan abu ɗaya: in kuka tara komai a rana guda, shekara biyu za a yi a sake dainawa, domin kuɗi da ƙarfi duk sun tafi a rumfa da baƙi. Ku shimfiɗa kofin a kan zango gaba ɗaya. Gida huɗu, kowa ya kara da kowa a ƙwallon ƙafa, wasa shida ne kacal, ɗaya a mako. Haka ƙwallon raga. Muhawara, kacici-kacici da wasan kwaikwayo su ma su kawo maki, don yarinyar da ba ta gudu amma bakinta na da kaifi ta san gidanta na buƙatarta. A muhawara a ba kowane mai magana minti biyar, a fitar da maudu'i mako guda kafin nan, amma ɓangaren da gida zai kare a jefa ƙuri'a a ranar, dole su karanta duka biyun. Alƙalai uku, babu malamin gida a cikinsu.

Ƙungiyoyin ɗalibai na makaranta kan mutu ne idan shugabanninsu duk 'yan ajin ƙarshe ne: suna fita, komai ya bi su. Kowane kyaftin ya kasance da mataimaki daga ajin da ke ƙasa, a miƙa ragama tun zango na biyu. Kuma a roƙi shugaban makaranta ya sa awa ɗaya ta ƙungiyoyi a cikin jadawalin mako, don abin da aka bari sai bayan tashi darasin ƙari ne ke cinye shi.

Sai littafin tarihi. Ku sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi, kowane wasa da shafinsa: shekara, suna, gida, rukuni, lokaci ko nisa, da sa hannun babban alƙali. A rubuta tsawon hanyar gudun da aka yi amfani da ita, domin lokacin fili mai 200 ba a gwada shi da na mai 400. Awon da Malam ya bayar a manna shi a shafin farko, a kuma binne guntun ƙarfe ko ɗan siminti a gurbin turakun tsakiya biyu, ƙasa da ciyawa yadda ba zai yi wa kowa tuntuɓe ba, baɗi zanen ba zai wuce yini ɗaya ba. 'Yan ƙungiyar jarida su ɗauki hotuna, a rubuta sunaye da shekara a bayan kowanne tun a makon, a ajiye kwafi ɗaya a ofishin makaranta, ɗaya a hannun sakataren ƙungiyarku.